Jini yana kauri idan dattijo ya yi dogon gudu? Amsoshin tambayoyinku

Tambayoyin wannan karon duk a kan jini suka taru: yadda yake kauri ko ya tsinke idan mutum ya daɗe yana gudu, tuƙa keke ko tafiya da sauri, da kuma ko shekaru suna canza lissafin. Kusan kowane mai tambaya akwai abin da aka tallata masa ya saya.

"Shekarata 63. Na fara tafiya da sauri ina haɗawa da sassarfa, yanzu nakan yi awa ɗaya da rabi. Ɗana ya ce ya karanta cewa jinin tsofaffi yana kauri idan sun yi dogon motsa jiki, kuma hakan kan toshe jijiyar zuciya. Ya ce ko in daina, ko in sayi ƙwayoyin da ake cewa suna tsinka jini. Wanne zan ɗauka?"

Baba, kada ka ɗauki ko ɗaya. Ɗanka bai yi ƙarya ba, rabin labarin ne kawai ya zo hannunsa.

Jinin babban mutum ya kai kimanin lita 5. Fiye da rabinsa ruwa ne mai ɗan launin rawaya, sauran kuma ƙwayoyi ne, kusan dukansu jajaye, masu ɗaukar iskar oksijin. Kason da jajayen ƙwayoyin suka ci a cikin jini shi ake kira hematokirit, za ka gan shi a takardar gwajin jini. Na maza yakan kama daga kashi 40 zuwa wajen 50 cikin 100, na mata ya ɗan gaza haka. Wannan adadi shi ne babban abin da ke yanke kaurin jini. Bayansa sai furotin ɗin da ke yawo cikin ruwan jinin, musamman fibirinojin, wanda da shi jini ke daskarewa idan an ji rauni. Sai laushin jajayen ƙwayoyin, domin dole su lanƙwashe su kutsa ta ƙananan jijiyoyin da suka fi su ƙanƙanta. Sai kuma yadda suke manne wa juna idan gudun jini ya ragu.

Da zarar ka fara sassarfa, tun kafin gumi ya keto maka, zuciya ta ƙara ƙarfin turi, sai wani ɓangare na ruwan jinin ya tsiyaye ta bangon ƙananan jijiyoyi ya shiga tsokar da ke aiki. Ƙwayoyin suna nan, ruwan ne ya ragu. Cikin mintunan farko yakan ragu da kusan kashi 10 cikin 100, idan kuma aikin ya yi tsawo, ga zafi ga gumi, raguwar kan doshi kashi 20. Hematokirit ya hau ke nan, jini ya yi kauri. Haka yake faruwa ga ɗan shekara 20, haka yake faruwa ga ɗan 70, kuma ba cuta ba ce. Jiki ya san da zuwan abin: jijiyoyin cikin tsoka suna buɗewa, jinin kansa kuma duk lokacin da gudunsa ya ƙaru ƙwayoyinsa sukan rabu da juna su jeru, ya fi saurin wucewa.

Abin da ɗanka bai kai ga karantawa ba shi ne abin da ke biyo baya. Bayan ka huta ka ci ka sha, ƙoda takan riƙe gishiri da ruwa, hanta kuma ta ƙara sarrafa albumin, furotin ɗin da ke jawo ruwa ya zauna cikin jijiya. Kafin kwana ɗaya ko biyu ruwan jinin ya dawo, har ya ɗara na da. Idan kana maimaitawa a kai a kai, ƙarin sai ya zauna. Shi ya sa jinin waɗanda suka saba dogon gudu ya fi na masu zaman kujera tsinkewa idan an auna su suna hutawa, fibirinojin ɗinsu ma yakan fi ƙasa. Wani likita a Montpellier ta ƙasar Faransa, Jean-Frédéric Brun, da abokan aikinsa sun tsara wannan a 1998 zuwa mataki uku: kauri lokacin aikin, tsinkewa bayansa, sannan gyaruwar jinin gaba ɗaya idan an ɗore.

To ina shekaru suka shigo? Ba wani tsalle na daban jinin dattijo yake yi ba idan ya fita gudu. Bambancin yana inda ya tashi, da hanyar da jinin zai bi, da saurin dawowarsa daidai. Fibirinojin yana ƙaruwa da shekaru, ƙwayoyin sun fi saurin manne wa juna, don haka tun kafin ka ɗaura takalmi kana gaba da saurayi a kauri. Jijiyoyi kuma sun yi tauri. Sabon tiyo yakan ba da kai idan an ƙara masa ƙarfin ruwa, wanda ya daɗe a rana kuwa ya riga ya ƙage. Kaurin da jijiyar saurayi za ta buɗe ta karɓa, ta dattijo zuciya take bar wa aikin.

Na ukun shi ya fi damuna, domin ba a jin sa a jiki. Ƙishirwa tana dusashewa da shekaru. A 1984 an buga wani bincike daga Oxford inda aka hana maza masu lafiya ruwa na awa 24, wasu 'yan shekara 20 zuwa 31, wasu 67 zuwa 75. Dattawan jininsu ya fi nuna ƙarancin ruwa, amma su ne suka fi ƙarancin jin ƙishirwa, da aka ba su ruwan ma ba su sha abin da zai mayar musu da abin da suka rasa ba. Ka haɗa wannan da ƙodar da ba ta iya tattalin ruwa kamar da, da ruwan jikin da dama ya ragu da tsufa. Nan ne haɗarin yake, kuma ba ƙwaya ce maganinsa ba.

Batun toshewar jijiyar zuciya kuwa, gaskiya ne haɗarin yana hawa na ɗan lokaci yayin aikin ƙarfi. Amma dubi a kan wa yake hawa. Wani bincike da aka yi a Amurka aka buga a 1993 ya gano cewa ga mutumin da ba ya motsa jiki ko sau ɗaya a mako, haɗarin yana ninkuwa fiye da sau 100 a cikin awar da ta biyo bayan aikin ƙarfi, ga mai yi sau 5 ko fiye a mako kuwa ninkin bai kai sau 3 ba. Wato idan ka daina, ka mai da kanka cikin rukunin farko, ranar da larura ta sa ka ruga da gudu ko ka ɗaga abu mai nauyi ba ka da kariya.

Ka ci gaba. Hukumar Lafiya ta Duniya minti 150 zuwa 300 ta ce a yi a mako na motsa jiki matsakaici. Ka sha kofi ɗaya ko biyu na ruwa kafin ka fita, musamman da safe, domin jini ya fi kauri bayan barcin dare. Ka ba mintuna 10 na farko ga tafiya a hankali. Idan ka gama kada ka tsaya cak, ka ci gaba da takawa har numfashi ya daidaita. Bayan ka dawo ka ci abu mai furotin. Masu bincike a Jami'ar Shinshu ta Japan, ƙarƙashin Hiroshi Nose, sun nuna cewa dattawan da suke samun furotin da abinci mai ba da kuzari nan da nan bayan motsa jiki ruwan jininsu ya fi ƙaruwa. Idan ka taɓa jin nauyi ko matsi a ƙirji, ciwon da ke tafiya zuwa hannu ko muƙamuƙi, jiri, ko numfashin da ya fi ƙarfin aikin da kake yi, ka tsaya ka ga likita a ranar, ba mako mai zuwa ba.

"Ni mace ce, shekarata 61, ina tafiyar kilomita 8 sau huɗu a mako. Ƙawata tana shan ƙaramin asfirin kullum, ta ce yana hana jini kauri. Wata kuma man kifi da ƙwayoyin tafarnuwa take sha. Lafiyata ƙalau. In fara?"

'Yar'uwa, a'a. Asfirin ba ya rage hematokirit, ba ya rage fibirinojin, ba ya ƙara wa jini ruwa. Aikinsa a kan wasu ƙananan ƙwayoyi ne da ke haɗuwa su toshe rauni, yana hana su manne wa juna. Ga wanda ya taɓa samun toshewar jijiyar zuciya ko shanyewar ɓarin jiki, wannan aiki yana ceton rai, kuma idan ƙawarki tana cikinsu kada ta daina sai da izinin likitanta. Ke ba kya cikinsu. A 2018 an fitar da sakamakon wani babban gwaji da aka yi a Ostireliya da Amurka a kan dattawa masu lafiya fiye da 19,000, yawancinsu daga shekara 70 zuwa sama. Asfirin bai ƙara musu shekarun lafiya ba, amma ya ƙara musu zubar jini mai haɗari, a ciki da cikin kai. A 2022 kwamitin da ke ba da shawarar rigakafi a Amurka ya ce wanda ya kai 60 kuma bai taɓa ciwon zuciya ba kada ya fara shan sa don rigakafi.

Sauran kuwa kuɗinki ne za su tafi. Kwalaben da ake rubuta wa cewa suna "gyara gudanar jini" ba a tilasta wa masu yin su kawo hujja irin wadda ake nema a kan magani kafin su shiga kasuwa. Man kifi mai yawa an ga yana ƙara yiwuwar rikicewar bugawar zuciya a manyan gwaje-gwaje. Tafarnuwar da aka matse cikin ƙwaya da ganyen ginko suna iya ƙara zubar jini ga mai shan wafarin, maganin hana daskarewar jini, ko asfirin. Kilomita 32 ɗin da kike yi a mako sun riga sun yi miki abin da kwalbar ke alkawari.

"Shekarata 55, ina shirin gudun fanfalaki na farko. Ruwa zalla ya isa, ko sai na sayi lemon 'yan wasa da ƙwayoyin gishiri? An ce mini in riƙa sha da yawa don kada jinina ya yi kauri."

Ɗan'uwa, abu na farko da za ka saya sikelin awon nauyi ne, irin na tsayawa a kai. Shi zai amsa maka tambayar fiye da ni.

Ka auna kanka ba kaya a jiki kafin ka fita gudun awa ɗaya, ka sake aunawa da ka dawo bayan ka goge gumi. Kowane kilo ɗaya da ya ragu lita ɗaya ce ta ruwa. Ka ƙara abin da ka sha a hanya. Misali, ka fita da kilo 72, ka dawo da 71, ka sha rabin lita: gumin da kake yi lita ɗaya da rabi ne a awa, a irin wannan yanayi da irin wannan sauri. Ka maimaita a ranar zafi da ranar sanyi, za ka ga bambanci mai yawa. Burinka a doguwar tafiya shi ne kada ka rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyinka, wato kusan kilo ɗaya da rabi ga mai kilo 72, kuma kada nauyin ya ƙaru ko kaɗan. Matashi ana iya ce masa ya sha duk lokacin da ya ji ƙishirwa, ya wadatar. Wanda ya haura 50 ya dace ya gwada ƙishirwarsa da sikeli tukuna, ya ga ko tana faɗa masa gaskiya.

Wanda ya ce ka sha da yawa ya jefa ka cikin wani haɗarin. Idan ruwa ya fi ƙarfin abin da ƙoda ke iya fitarwa, sinadarin sodiyam, wato gishirin cikin jini, sai ya tsinke, ƙwaƙwalwa ta kumbura. A gudun fanfalaki na Boston na 2002 an gwada jinin 'yan tsere 488 a wurin gamawa, kashi 13 cikin 100 sodiyam ɗinsu ya faɗi ƙasa da ƙa'ida. Waɗanda abin ya fi kamawa su ne waɗanda nauyinsu ya ƙaru a hanya da waɗanda suka wuce awa 4 kafin su gama. Mai gudun farko ɗan shekara 55 daidai wannan rukunin yake: yana tafiya a hankali, yana tsayawa a kowane teburin ruwa. Kuma a binciken, shan lemon 'yan wasa maimakon ruwa bai kare kowa ba, domin gishirin da ke cikinsa bai kai na jini ba.

Saboda haka, gudun da bai kai awa ɗaya ba ruwa ya ishe shi. Wanda ya wuce awa ɗaya da rabi, lemon 'yan wasa yana da amfani, amma don sukarin da yake ba tsoka ne fiye da komai. Ka duba jikin kwalbar, giram 6 zuwa 8 na sukari a kowane mililita 100 shi ne daidai, wanda ya fi haka yakan zauna a ciki. Kada ka haɗa shi da lemon ƙara kuzari mai kafeyin, ba abu ɗaya ba ne. Ƙwayoyin gishiri kuwa ba kowa ke buƙatarsu ba. Sodiyam ɗin da ke fita cikin gumi ya bambanta ƙwarai daga mutum zuwa mutum. Wanda rigarsa ke yin farin zane idan ta bushe, kuma zai yi awa 4 ko 5 a hanya, shi ne zai yi tunaninsu. Idan kana da hawan jini, ka tambayi likita kafin ka saya.

Abu biyu da ba ka tambaya ba. Idan kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ka gaya wa likitanka shirin da kake yi, domin maganin yana rage ruwan jini tun kafin ka fara. Kuma kada ka sha ibuprofen ko danginsa kafin tsere ko a cikinsa don maganin ciwon gwiwa. Ƙodar da jini ya riga ya ragu mata saboda gudu ba ta buƙatar ƙarin nauyi.

"Ina tuƙa keke awa 8 zuwa 10 a mako, shekarata 48. Gwaji ya nuna hematokirit ɗina 39, ɗan ƙasa da iyaka. In sayi maganin ƙarin jini?"

Malam, dakata tukuna. Mai yiwuwa ƙwayoyinka ba su ragu ba, ruwan da suke ciki ne ya ƙaru, kamar yadda na yi wa Baba bayani a sama. Wannan sananne ne a wurin masu dogon tsere, kuma alamar jiki ya karɓi horo ce. Amma ba a yanke hukunci da zato. Ka koma a yi maka gwajin feritin, shi ke nuna ajiyar sinadarin ayon a jiki, wato ƙarfen da ke cikin maganin ƙarin jini, a kuma duba girman ƙwayoyin. Ka je da safe bayan ranar hutu, domin gwajin da aka yi bayan doguwar tafiya yakan ba da adadin da ba na gaskiya ba.

Idan ajiyar tana nan, ka bar maganin a kanti. Jiki ba shi da hanyar zubar da ayon ɗin da ya yi yawa, abin da yake rasawa a rana bai wuce kusan miligiram ɗaya ba, rarar kuma a hanta da zuciya take taruwa. Idan kuwa ajiyar ta ƙare da gaske, to tambayar ta canza. Namiji mai shekarunka, ko macen da ta daina al'ada, ba ya rasa ayon haka kawai. Likita zai so ya duba ko jini yana zuba a ciki ko a hanji. Maganin ƙarin jini yana iya gyara adadin da ke takarda ya rufe cutar da ke ƙasa.

"Shekarata 59. Ƙarfina a keke ya ragu. Ana tallar allurar testosteron da man shafawarsa, wai suna dawo da ƙuruciya. Hematokirit ɗina 50. Me ka gani?"

Yaya, a duk tambayoyin yau taka ce kaɗai sayen zai iya kaurara jini da gaske, kuma ya zauna a haka dare da rana. Testosteron, sinadarin mazantaka, yana sa ɓargo ya ƙara ƙera jajayen ƙwayoyi, kuma wannan ya fi faruwa ga manya fiye da matasa, ya fi kuma da allura fiye da man shafawa. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin sinadaran jiki ta Amurka ita ce a dakatar da shi idan hematokirit ya wuce 54, kuma ba ta son a fara wa wanda nasa ya riga ya hau. Kai kana 50 tun ba ka fara ba. Ka ɗora ragin ruwan da awa 3 a kan keke zai yi maka.

Duniyar tseren keke ta riga ta ga ƙarshen wannan hanya. A shekarun 1990 'yan tsere sun rungumi allurar EPO, wadda ke ƙara jajayen ƙwayoyi, har hukumar tseren keke ta duniya ta sa doka a 1997 cewa duk namijin da hematokirit ɗinsa ya wuce 50 ba zai hau keke ba sai ya sauko, da sunan kare lafiyarsa. Da wannan doka aka fitar da Marco Pantani daga gasar zagaya Italiya a 1999 yana kan gaba, saura kwana biyu a gama, an same shi da 52. Akan kawo misalin Eero Mäntyranta na Finland, wanda ya ci lambobin zinare a gudun kan ƙanƙara a gasar Olamfik ta 1960 da 1964 da hematokirit ɗin da ya haura 60. Shi da haka aka haife shi, gado ne a danginsu, jikinsa a kai ya ginu. Ba hujja ba ce ga ɗan shekara 59 mai tsofaffin jijiyoyi.

Kafin komai, a gano me ya kai ka 50. Shan taba yana yi. Minsharin da numfashi ke ɗaukewa a cikin barci yana yi, kuma shi kansa yana kawo gajiya da raguwar ƙarfi, wataƙila ma shi ne matsalarka. Zama a ƙasa mai tsayi sosai yana yi. Akwai kuma cutar ɓargo da ke sa ƙwayoyi su yi yawa, wadda masu ita ake riƙe su ƙasa da 45 don gudun gudan jini. Idan gwajin safiya sau biyu ya nuna testosteron ɗinka ya yi ƙasa da gaske, likita ne zai ba ka, yana bin jininka. Na intanet kada ka taɓa.

"Akwai agogon hannu ko awarwaron da ke auna kaurin jini ko rage shi?"

Babu. Kaurin jini sai an ɗebi jinin an sa a na'ura a ɗakin gwaji, kuma ba gwajin yau da kullum ba ne. Ƙidayar ƙwayoyin jini da aka saba yi ta ishi yawancin mutane. Awarwaron maganaɗisu ba ya yin komai, ayon ɗin da ke cikin jini ba irin wanda maganaɗisu ke ja ba ne. Agogo yana ƙirga bugawar zuciya, wannan kuma yana da amfani: idan saurinka bai canza ba amma bugawar tana ta hawa bayan awa ɗaya, sau da yawa zafi ne da raguwar ruwan jini. Ɗamarar ƙirji ta fi agogo daidaito lokacin gudu. Iyakar bugawa ana ƙiyasta ta da cire kashi 70 cikin 100 na shekarunka daga 208, wato 166 ga ɗan 60, sai dai ƙiyasi ne, kuma ba ya aiki ga mai shan maganin rage bugawar zuciya.

"Jinina AS ne, shekarata 50. Dogon gudu ya halatta gare ni? Kuma zan yi tafiyar awa 9 a jirgi washegarin tsere, in sayi safa mai matse ƙafa?"

Ya halatta, ɗan'uwa. Masu AS da yawa sun yi fice a wasanni. Jininku yakan ɗan fi na sauran kauri, kuma an ga cewa shan ruwa yadda ya kamata lokacin motsa jiki yana daidaita shi. Inda ake samun matsala shi ne gudun ƙure ƙarfi ba hutu, cikin zafi, ko a ƙasa mai tsayi, ko ana fama da zazzaɓi. Saboda irin wannan ne hukumar wasannin jami'o'in Amurka ta fara neman a san matsayin sikilar 'yan wasanta a 2010. Ka hau a hankali, kada ka yi gasa da kowa a makonnin farko. Idan ƙafafu suka mutu maka farat ɗaya da ciwo, ba tare da tsokar ta ɗaure ba, ko fitsari ya koma baƙi-baƙi bayan gudu, asibiti kai tsaye.

Safar kuwa, saye ta. Ba don ta ƙara maka gudu ba, don jirgin. Zaman da ya wuce awa 4 yana ƙara haɗarin gudan jini a jijiyar ƙafa, shekaru suna ƙarawa, kai kuma za ka shiga da tsokar da ta ji jiki da ruwan da bai gama dawowa ba. Gwaje-gwaje sun nuna safa mai matsi tana rage wannan ga matafiya. Ka nemi mai tsayawa ƙasan gwiwa, matsakaicin matsi, kuma ka auna kaurin ƙwabrinka kafin ka zaɓi lamba, domin wadda ta naɗe ta shaƙe bayan gwiwa ta fi rashinta illa. Mai toshewar jijiyoyin da ke kai jini ƙafa, ko mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji, kada ya sa sai likita ya duba. Ka nemi kujerar gefen hanya ka riƙa tashi kana takawa. Idan cikin makonnin da suka biyo baya ƙafa ɗaya ta kumbura tana zafi, ko numfashi ya yanke maka ba dalili, kada ka ɗauka gajiyar tsere ce, ka je a duba ka a ranar.